Ra'ayinmu: Waken Samaru ya cancanci gona, amma a sa masa ido

Duk manomin wake ya san tsutsar nan da ke shiga fure da kwanso, wadda masana ke kira Maruca. Shekarar da ta yi ƙamari, takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Maganin da aka saba shi ne feshi, sau shida zuwa takwas kafin girbi, galibi ba safar hannu ba takunkumi.

Wannan ne ya sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta fito da irin SAMPEA 20-T, wanda hukuma ta amince da shi a 2019, ya isa hannun manoma a 2021. Masana sun ɗauko ƙwayar gado guda daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, Bt, suka dasa ta cikin wake. Sai tsiron ya riƙa samar da wani furotin da ke lalata hanjin tsutsar in ta ci. Hanjin ɗan Adam ba shi da inda furotin zai maƙale, narkewa yake yi. Feshi kuwa ya sauko zuwa sau biyu.

Masu adawa, irin su ƙungiyar HOMEF, suna da hujjar da ba ta yasarwa ba ce. A kasuwar da ake auna wake da tiya, wa zai san wanne yake saye? Kuma tsutsa takan saba da furotin in an shekara ana shuka iri ɗaya, kamar yadda ta faru da audugar Bt a Indiya. Sai dai jita-jitar cewa waken na hana haihuwa ba ta da wani bincike a bayanta, kuma yaɗa ta zalunci ne ga manomin da guba ke taɓa huhunsa kowace damina.

Matsayinmu shi ne a ci gaba da shuka shi. Amma wajibi ne hukumar NBMA, wadda ta amince da irin, ta tabbatar an rubuta sunan irin a kan kowane buhu, ta kuma riƙa bayyana sakamakon sa idonta da Hausa a rediyo. Malaman gona su ma su gaya wa manoma gaskiya: wannan iri ba ya hana ƙwarin rumbu. Maganin ƙwari da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 irin wanda ake zubawa wurin ajiya ne, kuma buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin ba tare da guba ba.