Wa Ya Ce Muku Fortran Ya Mutu?

Akwai wata shawara da ake ta ɗirka wa ƙannenmu masu shirin digiri na biyu a fannin injiniyancin nukiliya: wai su koyi Python kawai, Fortran ya zama tarihi. Ni dai na ce wannan shawara cuta ce, ko da mai bayar da ita da kyakkyawar niyya ya yi.

Ban musa amfanin Python ba. Yana da sauƙin koyo, kyauta ne, kuma da shi ake tsara bayanai da zana sakamako. Da shi ma ya kamata ɗalibi ya fara. Amma farawa daban, tsayawa daban.

Mu duba manhajojin da ake aiki da su a fannin. MCNP, wadda ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka ya samar don bin diddigin tafiyar niyutiron a cikin tukunyar nukiliya, da Fortran aka gina ta. RELAP5, mai lissafin zafi da gudun ruwa idan hatsari ya taso, ita ma Fortran ce. Serpent ta ƙasar Finlan da C aka rubuta ta, Geant4 kuwa da C++. To wanda bai iya karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan harsuna ba, ranar da lissafi ya fito a karkace, ina zai leƙa? Sai dai ya zuba wa allo ido.

Ana cewa Fortran tsoho ne, tun 1957 ya fito. Gaskiya ne, amma tsohon doki sai mai shi. Manhajar da aka shafe shekaru arba'in ana gwada sakamakonta da ainihin awo, hukumomin sa ido suka amince da ita, ba a yar da ita don wani harshe ya shigo yayi. A wannan fanni kuskure ba asarar kuɗi kaɗai ke jawowa ba.

Sannan ga abin da ya shafe mu kai tsaye. MCNP ba kowa ake ba ta ba; sai da izinin hukumomin Amurka, kuma fasfonka yana cikin abin da ake dubawa. OpenMC kuwa, wadda aka fara a jami'ar MIT a 2011, a buɗe take ga kowa. Da Python ake ba ta umarni, amma cikinta C++ ne. Ɗalibin da ya iya su biyun zai iya gyara ta, ya ƙara mata abu, daga Yamai ko Zariya, ba tare da roƙon kowa ba.

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma lissafin yadda ake ƙona shi a wasu ƙasashe ake yi. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike tun 2004, wadda aka sauya wa makamashi a 2018. Irin wannan aiki masana yake nema, ba masu danna maɓalli ba.

Saboda haka, ƙanena, fara da Python, ka saba da Linux, sannan ka zauna wa C++ sosai. Fortran kuma ka koye shi har ka iya karanta aikin wani ka gane inda ya kauce. Kafin ka tafi, tambayi malamin da zai duba aikinka wace manhaja ce a ɗakin bincikensa. Amsarsa ta fi surutun masu yayi nauyi.