Garin Neman Ƙiba: Jan Hankali Game da "Sha Ka Fashe"

Ya 'yan uwa masu karatu, yau ina so mu tattauna wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bayan hutun sallah, wata ɗaliba a ajin 'yan mata na Islamiyyarmu ta dawo fuskarta ta cika tam, ƙawayenta suna ta yabawa wai hutu ya karɓe ta. Ba a yi wata biyu ba ta fara fashin makaranta. Daga baya mahaifiyarta ta shaida mana an kwantar da ita a asibiti, suga ya hau mata. Ashe an sa ranar aurenta, dangin miji suka ce ta cika rama, sai aka sayo mata ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe" a kemis.

Daga cikin abin da ake haɗawa a irin wannan akwai deksametason, wanda ake taƙaitawa da "deksa". Domin mu fahimci aikinsa, sai mun san cewa Allah cikin hikimarSa Ya ɗora wasu ƙananan halittu biyu a saman ƙodojinmu, masu fitar da wani sinadari mai suna kotisol. Shi ke taimakawa wajen daidaita sugan jini da bugun jini, da tallafar jiki lokacin ciwo ko firgici. Yana yawaita da safe, ya ragu cikin dare, kuma ƙwaƙwalwa ce ke auna gwargwadon da ake bukata. Deksa kwaikwayon wannan sinadari ne, sai dai ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25.

Ba ina cewa maganin ba shi da amfani ba ne. Tun 1948 da likita Philip Hench ya gwada ɗan uwansa kotison a kan mai ciwon gaɓoɓi a Amurka, wannan dangin magunguna ya ceci rayuka masu yawa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masu bincike biyu. A 2020 ma, wani bincike a Birtaniya ya nuna deksa ya rage mutuwar masu cutar korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma wannan a hannun likita ne, da awo da ƙayyadadden lokaci.

Idan lafiyayye ya ɗauki makonni yana sha, me ke faruwa? Ci yana buɗewa, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, kitse ya taru a fuska da ciki da bayan wuya kamar tozo, alhali tsokar hannu da cinya tana zagwanyewa. Suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, fata ta yi sirara har nanƙarwa ta fito, al'ada ta rikice. Garkuwar jiki kuma ta yi sanyi, ta yadda tarin fuka da ke kwance zai iya tashi. Wato cikar fuskar da ake yabawa, a wurin likita alamar cuta ce. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Akwai kuma haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya wadata daga waje, sai ta daina umartar halittun nan su yi nasu, su kuma su kwanta. Wadda ta daɗe tana sha idan ta yanke rana ɗaya, jikinta zai wayi gari babu na waje babu na ciki: kasala, amai, faɗuwar jini, wani lokaci har rasa rai. Saboda haka, 'yar uwa, idan kin riga kin fara, kada ki daina kwatsam. Ki je wurin likita ki faɗi gaskiya, ya rage miki shi a hankali.

A ganina laifin ba na yarinyar kaɗai ba ne. Akwai mai kemis da ya fifita riba a kan rai, akwai uwa ko gwaggo da ta miƙa ƙwayar da hannunta, akwai mu da muka mai da siririyar mace abin zolaya. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Wanda ya tura 'yar mutane ga cutar da kanta da harshensa, ya binciki kansa tun kafin ranar hisabi.

Ina roƙon malaman Islamiyya 'yan uwana mu riƙa ware ko da minti biyar a ajin mata domin wannan bayani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace.