Faifan CD a zamanin intanet: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, teburan masu sayar da faifan CD sun yi ƙaranci. Inda a da ake jera faifai cikin leda, yau saurayi ne zaune da kwamfuta yana tura waƙoƙi cikin katin memori. Wasu kuwa ko wurinsa ba su zuwa, sai su buɗe YouTube ko Audiomack a salula su saurara. Har ta kai wanda aka gani yana tara faifai, yana goge su, yana jera su cikin akwati, ana yi masa kallon wanda zamani ya wuce ya bari. Wannan kallo kuskure ne. Mai tara faifai yana yin wani aiki wanda salula ba ta yi, watau ajiya, kuma ƙasar da ta san darajar rumbu bai kamata ta yi masa dariya ba.

Da farko ya kyautu a san abin da ake magana a kansa. Kamfanoni biyu ne suka haɗa kai suka ƙero faifan CD, Philips na ƙasar Holan da Sony na ƙasar Japan, aka fara sayar da shi a shekara ta 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, yana ɗaukar kiɗa na minti 74, daga baya aka kai shi minti 80. Ba allura ke karanta shi ba kamar faifan garmaho, haske ne siriri, shi ya sa yawan sauraro ba ya cinye shi. Sannu a hankali ya ture kaset a Turai da Amurka. A shekara ta 2000 kaɗai an sayar da fiye da miliyan 900 a Amurka. Daga nan kasuwarsa ta soma zamewa, intanet ta karɓi fili. A shekara ta 2023, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da kamfanonin waƙa na duniya suka samu sun fito ne daga sauraro ta intanet.

Babu mai hankalin da zai musa amfanin wannan sabuwar hanya. Wanda ke Ƙonni yana iya jin makaɗin Bamako ko na Alƙahira ba tare da ya taka mota ba. Ɗan ci-rani a Abijan ko Tamanrasat yana jin muryar garinsu a lokacin da kewa ta kama shi. Saurayin da ya yi waƙa a ɗakinsa yana iya aika ta duniya ba tare da ya durƙusa wa mai kamfani ba. Kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin, wanda ya soma aiki a 2008, ya buɗe ƙofarsa ga Nijar da Najeriya da sauran ƙasashe masu yawa a 2021. Wannan duk ci gaba ne, kuma ba wanda ke cewa a koma baya.

Amma akwai abin da mai sauraro ya kamata ya gane. Waƙar da yake ji ta intanet ba tasa ba ce, haya yake yi. Yana biya da kuɗin mega, ko da kuɗin wata, ko da zaman jin talla. Ran da kuɗin suka ƙare, ko rezo ya ɗauke, waƙa ta tafi. An ga haka a watan Maris na 2024, sa'ad da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka yi kwanaki cikin wahalar sadarwa. Kuma ko da rezo yana nan, mai kaya yana iya janye kayansa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. A watan Maris na 2021 waƙoƙin mawaƙan Koriya ta Kudu masu yawa sun ɓace daga Spotify na wasu kwanaki, saboda yarjejeniyarsa da wani kamfanin ƙasar ta ƙare. A 2022 mawaƙin nan Neil Young ya kwashe waƙoƙinsa daga can, bai maido su ba sai 2024. Mafi muni shi ne abin da ya faru da MySpace, wanda a 2019 ya sanar cewa ya rasa waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Wanda ke da kwafi a gida ya tsira da nasa. Wanda ya dogara ga kamfani ya wayi gari hannu wofi.

Idan irin wannan ta sami mawaƙan ƙasashe masu arziki, waɗanda ke da lauyoyi da manyan kamfanoni a bayansu, to, ina ga makaɗan ƙasar Hausa? Nan ne maganar ta fi nauyi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo, da Narambaɗa, da Ɗan Maraya Jos, muryoyinsu sun cika gidajen Nijar kamar yadda suka cika na Najeriya. Ɗan Gurmu na Tawa, wanda gasar waƙa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa, da Mamman Gawo Filinge, da Alhaji Taya, da Sa'adu Bori na Maraɗi, su ma sun bar gado. Yawancin abin da ake samu nasu a intanet wani bawan Allah ne ya kwafo daga tsohon kaset ko faifai ya ɗora. Sau da yawa ba shekara, ba sunan garin da aka yi wasan, ba sunan ƴan amshi, wani lokaci ma an guntule farkon waƙar ko ƙarshenta. Ran da aka rufe shafin mutumin, in ba a san inda asalin yake ba, shi ke nan. Ashe intanet ba ta ƙirƙiro wannan dukiya ba, daga akwatin masu ajiya ta ɗebo ta.

Labarin Mamman Sani ya isa misali. A 1978 ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka fitar da shi a kaset kaɗan. Jama'a sun san kiɗan a rediyo da talabijin, amma kaset ɗin ya yi wuyar samu. Bayan shekaru fiye da talatin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kwafi ɗaya a wata ma'ajiya a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Daga nan Mamman Sani ya sami masu sauraro a Turai da Amurka. Da wancan kwafi ya ɓace, da wannan ƙofa ba ta buɗe ba. Haka kuma kiɗan gargajiyar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a Nijar a 1963: kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da shi a faifan garmaho, daga baya a CD, shi ya sa har yau ana iya jin kakaki da algaita na wancan zamani. Kundin Niamey Twice na Musa Pusi da Sa'adu Bori, wanda kamfanin Stern's na Landan ya fitar a 1994, da Denké-Denké na ƙungiyar Mamar Kassey a 1999, suna cikin faifan da suka kai sunan Nijar kasuwar duniya. Abin tambaya shi ne: kwafi nawa na waɗannan suka rage a cikin ƙasar?

Faifai na asali yana zuwa da abin da salula ba ta cika bayarwa ba, watau takardarsa. A cikinta ake rubuta wanda ya kaɗa kalangu, wanda ya busa sarewa, inda aka ɗauka da shekarar da aka ɗauka. Ga mai binciken tarihi wannan ƴar takarda shaida ce. Bugu da ƙari, sautin CD cikakke ne. Waƙar da aka matse ta zama MP3 irin ta yau da kullum takan koma kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girmanta, kuma in aka yi ta juya ta daga wannan siga zuwa waccan, sai ta yi ta rasa daɗinta.

Akwai kuma yadda ake sauraro. Waƙar makaɗin fada ko ta ma'abocin kalangu doguwa ce, tana da mabuɗi, da kirari, da jerin asali, da habaici wanda ba a gane shi sai an bi ta daga farko. Wanda ya sa faifai yakan zauna ya ji ta har ƙarshe. A Spotify kuwa, da an saurari waƙa daƙiƙa 30 an ƙirga ta, kuma na'ura ce ke zaɓo wa mutum ta gaba bisa abin da ya fi jan jama'a. Wannan tsari yana fifita gajeriyar waƙa mai kama kunne nan take. Tun daga 2024 ma kamfanin ya daina biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 ba cikin wata goma sha biyu. Tsohon makaɗin gurmi na ƙauye, wanda masu jinsa ba su da kuɗin mega, ba shi da rabo a wannan kasuwa.

Kada a ɗauka tara faifai sha'awar tsofaffi ce kawai. A 2021 cinikin CD ya ƙaru a Amurka, karo na farko tun 2004. A Japan, ƙasar da ba wanda zai ce an bar ta baya wajen fasaha, har zuwa 2023 kuɗin faifai sun fi na intanet yawa a kasuwar waƙa. Matasan Koriya suna sayen faifan mawaƙansu miliyoyi, ko da yake duk waƙoƙin suna cikin salularsu. Sun gane cewa abin da hannu ya riƙe ana iya ba da shi kyauta, ana iya sayar da shi, ana iya barin shi gado.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: faifan CD shi ma yana da nasa aibi. Zamaninsa a wannan yanki zamanin satar fasaha ne. Yawancin abin da aka sayar a bakin tasha kwafi ne na sata, mai waƙa bai ga ko dala ba. Irin wannan faifai da ake bugawa a kwamfuta, wanda ake kira CD-R, rini ne ke riƙe da sautinsa, kuma zafi da hasken rana suna kashe rinin. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, faifan da aka yar a gaban mota ba ya daɗewa. Na'urorin karanta shi ma suna ƙaranci, don yawancin sababbin kwamfutoci da motoci ba su zuwa da su. Saboda haka tarawa kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da kula.

Mai faifai a gida, ya ajiye su a tsaye cikin gidajensu, a inuwa, nesa da rana. In zai goge, ya sa ƙyalle mai laushi, ya goga daga tsakiya zuwa baki. Kada ya danna biro a bayan faifai, don sautin yana kusa da wannan gefen. Wanda ya iya rubutu ya rubuta a takardar gidan sunan makaɗi, da garinsa, da shekara, da dalilin waƙar in ya sani. Sa'an nan ya kwafe shi cikin kwamfuta ba tare da matsewa ba, ya ajiye kwafi biyu a wuri biyu.

Ga hukumomi kuwa, aikin ya fi girma. Nijar ba ta rasa wuraren ajiya ba: akwai taskar Muryar Sahel, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, akwai IRSH da CELHTO a Yamai. Abin da ake bukata shi ne a haɗa su da abin da ke warwatse a hannun jama'a. Ya kamata gidajen al'adu na jihohi da gidajen rediyon karkara su yi kira ga masu tsofaffin faifai da kaset su kawo a kwafa, a rubuta sunan mai kaya, a mayar masa da abinsa. Ya kamata duk mawaƙin da ya fitar da kundi ya ajiye kwafi a taskar ƙasa, ko da bai buga faifai don kasuwa ba. Ofishin kare haƙƙin masu fasaha, watau BNDA, shi kuma ya tabbatar cewa in an sake fitar da tsohuwar waƙa, magadan mai ita sun sami rabonsu.

Manomi yana sayen hatsi a kasuwa in ta kama, amma hakan bai taɓa sa ya rushe rumbunsa ba, don ya san ajiya maganin wata rana ce. A saurari waƙa ta intanet, a more sauƙinta. Amma muryar da ƙasa ba ta son ta rasa, a sa ta inda hannu zai kai gare ta ko da rezo ko babu. Duk tsohon faifan da aka zubar a bola yau, mai yiwuwa shi ne na ƙarshe, kuma makaɗin da ya rera shi ba zai dawo ya sake ba.