Kunnen Doki a Batumi

Yau hirarmu ta dara ce, amma ba wadda samari da dattawa ke bugawa a kan benci a Nima da Maamobi ba. Darar Turawa nake nufi, wato ces, mai sarki da sarauniya da dawaki a kan gida 64.

A watan Yuli na 2025 aka yi gasar cin kofin duniya ta mata a Batumi, ƙasar Jojiya. 'Yan Indiya biyu suka kai wasan ƙarshe: Koneru Humpy mai shekara 38, da Divya Deshmukh, 'yar shekara 19. Tun a 2002 Humpy ta sami babban muƙamin nan na giranmasta, lokacin ko haihuwar Divya ba a yi ba. To, ranar 26 ga wata suka zauna, aka tashi canjaras. Kashegari ma kunnen doki.

Na ba wani abokina labarin, ya ce ai wahalar banza ce, awoyi a zaune ba ci. Shi da ma ƙwallo ya sani. A ces, canjaras rabin maki ne ga kowa, kuma ba kyauta ake samunsa ba. Ko dai a maimaita tsayuwa ɗaya sau uku, ko mayaƙa su ƙare har ba mai iya kama sarkin wani, ko su biyun su yarda ba hanya. Yarinya ta zauna gaban wadda ta girme ta da kusan shekara 19, kwana biyu, ba ta bari an kayar da ita ba. Wannan haƙurin ne ya kai ta rana ta uku, inda aka yi wasan gaggawa. Na farko canjaras kuma, na biyu Humpy ta yi kuskure, Divya ta ɗauke kofi, ta zama giranmasta.

An ce tun tana 'yar ƙanƙanuwa iyayenta suka kai ta koyo. Mu fa a Zango? In yarinya ta tsaya kallon dara, sai a ce maza wuce, ki kai tallan koko. Ces kuwa a zaune ake yinsa, da hijabi, ba cuɗanya, allo ɗaya ya ishi yara da yawa. Malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin mata, wa zai fara sayo mana allo biyu kafin hutun nan?