Zafin Maigatari Da Batun Sanyaya Kwamfuta Da Ruwa

Tun ranar 16 ga Disamba, 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sa Maigatari cikin iyakoki huɗu na farko da ta sake buɗewa, ake ta maganar farfaɗo da yankin ciniki marar haraji da aka kafa a garin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. An sake rufe iyakar a 2023 bayan juyin mulkin Jamhuriyar Nijar, aka buɗe a watan Maris na 2024. Ciniki irin wannan kuwa ba ya tafiya a yau sai da kwamfuta, kama daga takardun kwastan har zuwa lissafin kaya a sito. To amma akwai abin da masu sayo wa ofisoshi kayan aiki ba su cika kula da shi ba, wato zafi.

A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar yakan haura digiri 40. Ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wannan ɗan guntun da ke yin dukan lissafi, idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ma'aikaci ya ga aiki na jan ƙafa, ya ɗora laifin a kan tsufan na'ura.

Maganin da ake tallatawa shi ne sanyaya ta da ruwa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, domin kamfanin IBM na Amurka ya yi amfani da ita a manyan kwamfutocinsa tun shekarun 1960. Ana ɗora wani faifan jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar, ɗan ƙaramin famfo ya riƙa tura ruwa ta cikinsa zuwa lagireto, fanka kuma ta hura zafin waje, kamar dai yadda ake yi a mota. Ruwa ya fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Wannan babu musu.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, don suna kwatanta abin da randa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska tana kwashe shi tare da zafin. Da wannan hikimar ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan kwamfuta kuwa a rufe yake cikin tiyo, ba ya tsattsafowa. Ɗan aike ne kawai, yana kai zafi daga ƙwaƙwalwa zuwa iskar ɗaki, kuma ba zai taɓa fin wannan iskar sanyi ba. Idan ɗakin yana digiri 42, to daga nan ruwan zai fara. Saboda haka, a ganinmu, kuɗin da za a zuba wajen sayen lagireto mai tsada ya fi amfani idan aka fara kashe shi kan silin da tagogi da inuwar ofis.

Bayan haka sai kulawa, wadda ita ce ta fi ba mu wuya a ma'aikatun gwamnati. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin lagireto, dole a riƙa hure ta. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da faifan yakan bushe, sai an goge an sake sabo, ɗan kaɗan ba lafta ba. Ruwan rijiyar burtsatse bai dace ba ko kusa, domin gishirinsa yana daskarewa a ƙananan hanyoyin faifan. Tataccen ruwa ake zubawa, tare da maganin hana tsatsa. Kada kuma a haɗa jan ƙarfe da alminiyom a hanyar ruwa ɗaya, don alminiyom ɗin ne zai cinye.

Ga kwamfutar buga wasiƙu da cike fom, fanka mai kyau ta wadatar, kuma kowane mai gyara a Gumel zai iya canza ta. Famfon ruwa kuwa idan ya mutu, cikin ɗan lokaci ƙwaƙwalwar za ta ɗau zafi na'urar ta tsaya, wataƙila a ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, manyan motoci na jiran takarda a bakin iyaka.