Kada Kalmar Nukiliya Ta Kore Mu Daga Gwajin Zuciya



Da yawanmu da zarar mun ji kalmar nukiliya, bam ne ke faɗo mana a rai. Shi ya sa in likita ya ce za a yi wa mara lafiya hoton zuciya na nukiliya, sai dangi su fara ja da baya. A ganinmu wannan tsoro zai iya jawo asarar rai.

Allura ce ake yi ta jijiya, da ɗan sinadari mai suna teknetiyam-99m. Jini zai kai shi tsokar zuciya, na'ura kuma ta zagaya ƙirji tana ɗaukar hasken da yake fitarwa. Inda jini ke isa sosai zai fito da haske, inda ba ya isa zai yi duhu. Akan ɗauki hoton sau biyu, lokacin hutu da bayan motsa jiki. In duhun bayan motsa jiki kawai ya bayyana, tsokar tana da rai, jini ne ya yi mata kaɗan, kuma buɗe jijiyar zai iya cetonta. Sinadarin ba ya daɗewa: duk awa 6 ƙarfinsa na raguwa da rabi. Mai juna biyu dai ta sanar da likita tukuna.

Amma mu sani, ba shi ne gwajin farko ba. Wanda ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, ciwon na tafiya hannun hagu ko haɓa, ga gumi da numfashi sama-sama, a garzaya da shi asibiti. Kada a ce olsa ce a tsaya sayen magani a kemis. Ana son a yi masa ECG cikin minti 10 da isarsa, sannan gwajin jini na turoponin. Hoton nukiliya yana zuwa ne in waɗannan ba su warware shakka ba, ko don a auna ɓarnar da aka samu.

Babbar matsalarmu ita ce ƙarancin wuraren yinsa. Asibitin Koyarwa na UCH Ibadan ya buɗe sashensa a 2006, akwai kuma na Asibitin Ƙasa da ke Abuja, amma sinadarin daga waje ake shigo da shi, kuma duk jinkiri a hanya ƙarfinsa yake ci. Muna kira ga gwamnati ta ƙara cibiyoyi, ta kuma sauƙaƙa shigo da shi. Mu kuma in likita ya rubuta gwajin, mu yi tambaya, mu je a yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.