A Karɓi Sakamakon Gwajin Ƙasashen Waje, Amma a Tantance Shi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan kayan lantarkin da ake sawa a gidajen mai da shagunan ɗura gas, da takardun da ke shaida ingancinsu. Sana'ata wayarin ce a nan Mashi, kuma duk mai bin hanyar Katsina zuwa Daura ya ga yadda shagunan gas ke ƙaruwa, wasu ma a tsakiyar gidajen jama'a.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo, kwanciya yake yi a ƙasa, kuma da ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ɗan tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da gobara. Ba mu manta da fashewar shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, ranar 4 ga Janairun 2020 ba, wadda ta ci ran Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. A mahaɗar Dikko ta Jihar Neja kuwa, ranar 18 ga Janairun 2025, rahotanni sun ce janareta aka kunna don juye fetur daga tankar da ta faɗi, mutum sama da 80 suka rasu.

Saboda irin wannan ne ake ƙera fitilu da famfuna da makunnai na musamman masu alamar Ex. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan fitila ya san nauyinta: gida ne na ƙarfe mai kauri, murfinsa ɗaure da ƙusoshi, bakin da waya ke shiga a matse gam. A ɗakin gwaji, cika gidan ake yi da gas a kunna masa wuta daga ciki, a ga ko harshen wutar zai fito waje. Gwaji ne mai tsada da cin lokaci.

Hukumar IEC da ke Janeba tana da tsari mai suna IECEx, wanda ya dogara da ƙa'idojin IEC 60079. A ƙarƙashinsa, ɗakin gwajin da aka amince da shi a wata ƙasa zai fitar da rahoto, hukumar ba da shaida a wata ƙasar ta yi aiki da shi ba tare da an sake gwajin daga farko ba. Tarayyar Turai kuma tana da dokarta ta ATEX, wadda aka sabunta a 2014. A nan gida, shirin SONCAP na hukumar SON yana karɓar rahoton ɗakunan gwajin da suka cika sharaɗin ISO/IEC 17025.

Ina goyon bayan wannan karɓa. Da za a ce sai an sake gwada kowace fitila kafin ta shigo, kuɗin zai dawo kan mai saye, ƙaramin ɗan kasuwa a Mashi ko Mani ya haƙura ya sa ƙwan fitila da makunnin da ake sawa a ɗakin kwana. Tsadar kayan kirki ita ce ke buɗe wa jabu ƙofa.

Sai dai gani ya kori ji. An taɓa miƙo mini fitila mai alamar Ex tare da kwafin takarda, na duba na ga lambar samfurin da ke takardar daban, wadda ke jikin fitilar daban. Don haka ina ba hukumomi shawarar sharuɗɗa huɗu. Na farko, a duba lambar kowace shaida a shafin IECEx na intanet, domin a buɗe yake ga kowa. Na biyu, a tabbata rahoton na wannan samfurin ne, kuma ya dace da irin gas ɗin da ke wurin, domin kayan da aka gwada don rukunin gas na IIA ba su isa wurin da ake aiki da gas ɗin walda na rukunin IIC ba. Na uku, a nemi rahoton binciken masana'anta, don a san abin da ake ƙerawa yau daidai yake da wanda aka gwada. Na huɗu, in lambar shaida ta ƙare da harafin X, akwai sharuɗɗan amfani na musamman, dole a karanta wa mai shago su.

Bayan haka, sauran aikin namu ne masu wayarin. Ƙusa ɗaya da aka bari ba a ɗaure ba, ko waya da aka zura aka naɗe da salatif, ta rushe duk gwajin da aka yi a Jamus ko Sin.

Ina kira ga SON da NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa alhakin lasisin gidajen mai da gas, da su riƙa zuwa ƙananan garuruwa suna duba kayan bayan an haɗa su, su kuma shirya mana horo da Hausa. Masu shago kuma, don Allah ku nemi lambar shaida kafin ku biya kuɗi. Allah Ya tsare mu da gobara, amin.

Naka,
Mai aikin wayarin,
Mashi, Jihar Katsina.